Dawar da Ta Koma Ja

A Kutama, idan aka ce farfarar Inna Uwaliya, ba a tambayar wace ce. Dawa ce fara sol mai manyan ƙwayoyi, tuwonta kan fito kamar na shinkafa, kuma ba ta da bauri ko kaɗan. Inna Uwaliya ta zo da irin ne daga gidan ubanta a Gammo, can ƙasar Kabo, tun tana amarya, ta riƙe shi sama da shekara arba'in. Kowace kaka, kafin a yi sussuka, sai ta sa a kwance mata dammuna a tsakar gida, ta shimfiɗa buhu ta zauna, ta bi zangarniya ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta cika, ta yi fari, ta yi nauyi a hannu, sai ta ware ta gefe. Wadda ta ga ja a jikinta, ko da ɗigo ne, sai ta jefa ta cikin na ci. Aikin kan ɗauke ta kwana uku, wani lokaci huɗu. Abin da ta ware shi ake ɗaurewa daban a rataye a cikin rumbu, shi ne irin baɗi.

'Ya'yanta maza biyu ne suka rayu, Hambali da ƙaninsa Lukuman. Hambali shi ne babba, dogo mai murya, mai saurin aiki da saurin magana. Tun yana saurayi zaman nan na Inna yake ba shi haushi, domin masu sussuka na jira, ita kuwa tana juya zangarniya kamar mai zaɓen zanen aure.

"Inna, dawa ai dawa ce," ya taɓa ce mata. "Duk daga gona ɗaya ta fito. Wannan tsirfa ce kawai ta tsofaffi."

Ta ce, "To, bar ni da tsirfata," ba ta ko ɗago kai ba.

A kakarta ta ƙarshe, idanunta sun yi rauni, ta kira shi ya zauna kusa da ita ya riƙa miƙo mata, ta nuna masa abin da take dubawa. Ya ce yana sauri, za shi kasuwar Gwarzo. Sai Badi'a, matar Lukuman, ta bar wankin da take yi ta zo ta zauna. Kafin damina ta kewayo Inna ta rasu.

Da aka raba gado, Hambali ya ɗauki gida da babbar gonar da ke bakin rafi, wadda itatuwa suka kewaye ta gabas. Lukuman ya ɗauki gonar da Inna ta gada a Gammo, wadda ke kan tudu, ya tashi da iyalinsa ya koma can. Irin da Inna ta bari a rumbu suka raba biyu daidai, babu wanda ya ɗaga murya.

Hambali manomi ne na ƙwarai, wannan ko maƙiyinsa zai faɗa. Yana kai taki da wuri, ba ya barin ciyawa ta yi kwana. Abu ɗaya ne bai ɗauka da muhimmanci ba. In an girbe, sai ya sa a sussuke duka a sheƙe, ya ɗebi kwano goma daga tsibin ya zuba a buhu ya ce iri ke nan. Shekarun farko bai ga komai ba. Jar zangarniya ɗaya nan, ɗaya can, ai ko zamanin Inna akwai su. Daga baya matarsa ta fara cewa tuwon ya canza launi. Ya ce idonta ne.

A shekara ta biyar bayan rasuwar Inna, ciwon ƙafa ya kwantar da shi daidai lokacin girbi. Lukuman ya baro tasa gonar ya zo ya yi mako biyu a Kutama, ya girbe, ya ɗaure, ya sa aka sussuke, ya ɗebi iri ya ajiye kamar yadda wansa ya umarce shi daga kwance. Da damina ta zo aka shuka, kaka ta yi, Hambali ya tsaya a bakin gona ya ga ja ya kusa kai rabi. Shekarar da ta biyo kuwa ja ya rinjayi fari. Matan unguwa da suka saba aikowa a sayar musu da kwano biyu don tuwon suna suka daina aikowa. Wata tsohuwa ta gamu da shi a hanya ta ce, "Hambali, ashe farfarar Uwaliya ta bi ta kabari." Ya yi murmushi ya wuce, amma maganar ta bi shi har gida.

A wannan kakar ne ya je Gammo gaisuwar wata rasuwa, ya biya ta gonar ƙaninsa. Fara tas, tun daga wannan iyaka har waccan, kamar an shanya farin yadin alawayyo. Ya tsaya a kan babur ɗinsa yana kallo, bai ko kashe shi ba. A hanyarsa ta komawa ya yi ta saƙa da warwara. Iri ɗaya ne, uwa ɗaya ta bar musu. Na wancan ya tsaya yadda yake, nasa ya lalace. Wa ya taɓa irinsa in ban da Lukuman? Kuma yaushe ja ya yi tsalle in ba bayan shekarar da ya kwanta ba? Kafin ya iso Kutama ya gama yanke hukunci.

Da ya riƙe abin a cikinsa, ko ya kira ƙaninsa gefe, da labarin bai kai haka ba. Amma sai aka yi haihuwa a gidan maƙwabcinsa Ya'u, aka taru da safe raɗin suna. Lukuman ya zo, tunda Ya'u abokinsa ne na yarinta. Bayan addu'a an zazzauna a kan tabarmi ana shan kunu, wani ya yaba farin kunun, Ya'u ya ce ai Lukuman ne ya kawo musu dawar gudummawa daga Gammo.

Hambali ya ajiye ludayinsa. Ya ce, "Ai dole ya yi kyauta da ita. Abin da mutum bai sha wahalar samu ba, ba ya jin zafin bayarwa."

Kowa ya juyo. Malam Bashari, limamin unguwar, ya dube shi ya ce, "Me kake nufi, Hambali?"

"Malam, ina kwance ba na iya taka ƙasa, na ba ɗan'uwana amanar rumbuna. Ya kwashe irin uwarmu ya kai Gammo, ya zuba mini tarkacen kasuwa. Ku je ku ga gonata, ku je ku ga tasa. Gani ya kori ji."

Mutum ya kai talatin a wurin. Lukuman mutum ne mai sanyi, ba ya iya magana cikin taro ko da ta alheri ce. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, ni?"

"Kai. Kai da matarka da ta iya lallaɓa tsohuwa."

Lukuman ya miƙe, ya nemi takalmansa, ya sa ɗaya daidai, ɗayan ya riƙe a hannu har ya isa wurin babur. Malam Bashari ya ce, "Hambali, magana zarar bunu ce." Hambali ya ce ya sani, kuma ba ya neman ta koma.

Bayan kwana tara wani mai a-kori-kura ya sauke buhu guda a ƙofar gidansa, ya ce daga Gammo ne, an ce iri ne, ba a haɗo da wani saƙo ba. Hambali ya kwance bakin buhun ya ga dawa fara sol. Ya kira Ya'u ya nuna masa. Ya ce, "Ka gani? Kunya ta sa ya dawo da abin da ya ɗauka." Haka ya yi ta faɗa a masallaci da kasuwa, har wasu da suka yi shakka da farko suka fara gyaɗa kai.

Daga nan zumunci ya yanke. Salla ta zo ta wuce, ba wanda ya taka gidan wani. Da aka tashi aurar da Aishatu, babbar 'yar Lukuman, wadda Hambali ne ya yi mata huɗuba ranar da aka haife ta, an aiko masa da goro da alewa kamar yadda ake aika wa kowa. Shi ya kamata ya zama waliyyi. Ya jira a zo a roƙe shi, ba a zo ba, shi ma bai je ba. Wani kawunsu na nesa ne ya ba da auren.

Ya shuka sabon irin, gonar bakin rafi ta koma fara, matan unguwa suka dawo da kwanukansu. Ya ci gaba da yadda ya saba: a sussuke duka, a ɗebi kwano goma. Shekara ta biyu lafiya. Ta uku ya ga jajayen kawuna sun ɗan yi yawa, ya kawar da ido. A ta huɗu abin ya fi ƙarfin kawar da ido. Kuma a wannan karon babu wanda ya taɓa rumbunsa, makullin yana aljihunsa, ko matarsa ba ta shiga.

'Yarsa ta uku, Kamila, tana aure a cikin garin Gwarzo, tana koyar da ilimin halittu a wata sakandaren 'yan mata. Ta zo gida wata Asabar ana saura mako guda girbi, ta tarar da shi a zaure da jar zangarniya a hannu yana juya ta. Bayan sun gaisa, ta tambayi gona, ya ce gona sai godiya, sannan ya ce, kamar da wasa, ko a makarantarsu ana koyar da yadda ake yi wa gona sammu.

Ta karɓi zangarniyar ta duba. Ta ce, "Baba, in ka yarda, gobe da safe ka kai ni gonar."

Washegari da hantsi suka tafi. Tun kafin su isa suke jin hayaniyar tsuntsayen jan-baki a itatuwan bakin rafi. Da suka matso, garken ya tashi daga kan dawar kamar hayaƙi, ya koma kan rassa yana jira su wuce. Kamila ta zaɓi kunya ɗaya ta tsakiya, ta ce ya riƙa kiran launin kowace zangarniya, ita tana latsawa a waya. Suka bi ɗari, suka koma wata kunyar suka bi ɗari, har sau biyar. Ta ce cikin kowace ɗari, ja goma sha huɗu ne ko sha biyar.

"Yanzu, Baba, kamo mini farar nan."

Ya lanƙwaso karan. Saman zangarniyar duk ƙaiƙayi ne, an tsince ƙwayar, sai ta ƙasa-ƙasa ta rage.

"Kamo jar da ke kusa da ita."

Jar cike take maƙil, ko ƙwaya ɗaya ba a taɓa ba. Ya kamo wata farar, rabi. Ya kamo wata jar, cike. Ya ce, "Ai wannan kowa ya sani. Tsuntsu ba ya son ja, tana da bauri."

Ta ce, "To shi ke nan, Baba. Ka riga ka san amsar."

Bai gane ba, ya kuma ce bai gane ba. Sai da suka koma gida ta nemi faifai a wurin mahaifiyarta, ta zauna a ƙasa gabansa, ta ƙirga farar ƙwaya casa'in da takwas, ta ɗora jajaye biyu.

"Wannan ce gonarka a shekarar da Kaka ta rasu. Tsuntsu ya sauka ya cinye rabin farar, bai taɓa ja ba." Ta share rabin fararen da gefen hannu. "Saura arba'in da tara da jajaye biyu. Ka sussuke duka, ka ɗebi iri daga ciki. Baɗi, cikin kowace ɗari da ka shuka, ja nawa ne?"

Ya lissafa da yatsu. "Huɗu."

Ta gyara faifan ya koma casa'in da shida da huɗu, ta sake share rabin fari. Takwas. Ta sake. Sha biyar. Ta ɗago ta dube shi, ta ce nan gonar take yau. Ta sake, ashirin da shida. Ta sake, arba'in da ɗaya. Ta sake, ja ya haura rabi. Hambali yana bin hannunta da ido, yana ƙirga shekaru a zuci, kuma tun kafin ta kai ƙarshe ya ga inda arba'in da ɗayan nan ta faɗa. Shekarar da ta biyo bayan ciwon ƙafarsa ce. Tsallen da ya ɗora wa Lukuman, ga shi nan a kan faifai, ya zo da kansa a kan lokacinsa, ko da Lukuman bai taɓa tako Kutama ba.

Ya ce, muryarsa ta yi ƙasa, "To farar ce take rikiɗa ta koma ja?"

"A'a, Baba. Babu karan da ya fito fari ya koma ja. Kowace ƙwaya tana ɗauke da gadonta, kashi ɗaya daga zangarniyar da ta haife ta, kashi ɗaya daga garin furen da ya sauka a kanta. Gadon fari da gadon ja duk suna cikin gonar tun farko. Abin da yake canzawa shi ne yawan kowanne a cikin taron. Wanda ya fi tsira ya kai ga rumbu, shi ne zai fi yawa baɗi. Shekara ɗaya ba a gani. Shekara bakwai sai mutum ya rantse an musanya masa iri."

"Jajaye biyun farko fa, daga ina? Inna ba ta barin ja."

"Iska. Lokacin da dawa ke fure, tana ɗauko garin furen jar dawar maƙwabta ta zuba a kan taka. Ƙwayar za ta fito fara a ido, amma da gadon ja a cikinta, sai an shuka ta zai nuna. Shi ya sa Kaka ba ta taɓa hutawa ba. Kullum kaɗan na shigowa, kullum tana fitar da shi. Tsuntsu yana zaɓe, ita ma tana zaɓe, nata ya fi nasa ƙarfi. Da ta tafi, sai aka bar wa tsuntsu zaɓen shi kaɗai."

Ta ce haka abin yake a wurin ƙwarin da suka daina jin maganin feshi, da sauro, ita ma abin da take koya wa ɗalibanta ke nan a zango na biyu. Bai ji sauran ba. Ya tambaye ta abu ɗaya kawai, ko da yake ya san amsar: me ya sa ta Gammo ba ta canza ba?

Kamila ta sunkuyar da kai tana tattara ƙwayoyin. Ta ce gonar tana kan tudu, nesa da ruwa da itatuwa, tsuntsu bai cika damunta ba. Sannan ta ce, a hankali, "Kuma Inna Badi'a tana zama kwana uku duk kaka. Na gan ta da idona."

"Kina zuwa can?"

"Ina zuwa, Baba."

Bai yi mata faɗa ba. Ya tashi ya shiga ɗaki. Da aka kawo abincin rana ya ce a mayar.

Kwana biyar ya yi bai faɗa wa kowa ba. Yana zuwa masallaci ya tsaya a sahun baya, ana sallamewa ya fice kafin a fara gaisawa. Duk fuskar da ya gani sai ya tuna ko tana wurin sunan nan, ko kuwa tana cikin waɗanda ya tare a kasuwa ya ba su labarin buhu. Buhun ya fi komai ci masa rai. Mutum ka kira shi ɓarawo a bainar jama'a, ya koma gida ya ɗebi irin da matarsa ta yi kwana uku tana zaɓa ya aiko maka, kai kuma ka ɗaga shi sama ka ce ga shaida. Sau biyu shaiɗan ya raya masa cewa ba wanda ya sani sai shi da Kamila, kuma Kamila ba za ta tona ubanta ba. Zai iya fara zaɓen iri a ɓoye, gona ta koma fara, magana ta mutu. Sai ya ga cewa ba za ta mutu ba, za ta zauna ne a kan Lukuman har abada.

Ranar Juma'a da safe ya sami Malam Bashari a ƙofar gida yana duba allunan ɗalibansa. Ya durƙusa, abin da bai saba ba, ya faɗa masa duka, har da faifan. Malam ya saurara bai katse shi ba. Da ya gama, Malam ya ce shi bai san lissafin tsuntsaye ba, amma ya san na haƙƙi: inda aka ɓata mutum, nan ake wanke shi.

Don haka bayan sallar la'asar, kafin mutane su watse, Hambali ya miƙe a masallacin unguwa. Mutumin da ake jin muryarsa daga ƙarshen gona, ran nan sai da aka ce ya ɗaga murya. Ya ce shekara huɗu da suka wuce ya yi wa ƙaninsa ƙazafi a gidan Ya'u, kuma ƙarya ce. Lukuman bai ɗauki komai ba. Shi ne ya lalata irin uwarsa da hannunsa, saboda ya raina abin da ta so ta koya masa. Ya roƙi duk wanda ya kai maganar wani wuri ya bi ta ya gyara. Ya'u yana kallon tabarma. Biyu daga cikin dattawan da suka ji maganar farko sun riga sun rasu, sun tafi da ita yadda suka ji ta, kuma wannan bai da yadda zai yi da shi.

Washegari ya hau babur zuwa Gammo. Ya tarar da Lukuman a ƙofar gida yana gyara ƙotar magirbi. Ya yi furfura a gemu, wadda Hambali bai san lokacin da ta fito ba. Lukuman ya miƙe da sauri, ya rage tsawo, ya ce, "Yaya, sannu da zuwa," ya shiga ya ɗauko tabarma da ruwa. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, gida da iyali da gona da gajiya, kowa na kallon gefe. Da gaisuwar ta ƙare ba sauran abin fakewa, Hambali ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya fara bayanin tsuntsu da faifai, ya ji kamar yana neman ya raba laifin da jan-baki, sai ya bari. Ya ce, "Na zalunce ka, Lukuman. Na faɗa a masallaci jiya. Na zo ka yafe mini."

Lukuman ya murza ƙotar a hannu. Ya ce, "Yaya, ni tun ranar na yafe. Abin da ya dame ni, na yi ta tunani ko na yi kuskure wajen ɗibar irin, ko na haɗa da wani buhu ban sani ba. Shekara huɗu ina bin abin a raina." Ya yi ɗan murmushi. "Ashe tsuntsu ne."

"Ba tsuntsu ba ne. Ni ne."

Lukuman bai musa ba. Can ya ce, "Ranar aurenta, Aishatu ta yi ta leƙen ƙofa ko za ka zo."

Hambali ya ɗauki kofin ruwan ya riƙe, bai sha ba.

Ya nemi a yi masa sallama da Badi'a. Ta zo bakin zaure ta durƙusa daga bayan ƙofa, kamar yadda matar ƙani ke yi wa wan miji, ta gaishe shi da ladabi cikakke, babu ragi babu ƙari. Ya ce ya ambace ta a cikin maganar da bai kamata ba, yana neman gafara. Ta ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya, Yaya." Ya jira ko za ta ƙara wani abu, ba ta ƙara ba. Sai ya yi abin da ya fi roƙon gafarar wuya a bakinsa. Ya ce in ba damuwa, in ya girbe, yana so ta zo ta nuna masa yadda ake zaɓen.

Ta ce sai abin da maigidan ya ce. Lukuman ya ce zai kawo ta.

Ya kawo ta bayan kwana goma sha biyu, da sassafe. An kwance dammuna a tsakar gida. Ta zauna nesa da Hambali, matarsa a tsakaninsu, ta riƙa ɗaga zangarniya tana magana da matar, ba da shi ba: a duba ƙasan, a duba ko ƙwayar ta cika har wuya, a murza a ga ko akwai ɗigon ja a gindin ƙwaya, kada a ɗauki ta bakin iyaka domin ita ta fi shan iskar maƙwabta. Hambali yana tsugune yana miƙo dami, yana ware abin da aka ce a ware. Sau uku ya ajiye zangarniya a tsibin iri, ta sa hannu ta cire ta ba tare da ta ce komai ba. Maƙwabta mata suna leƙowa ta katanga suna ganin mai gida da kansa a tsugune, bai ɗaga kai ba.

Da azahar ta yi, an ɗora tukunya, Badi'a ta ce sun bar aiki a gida. Matar Hambali ta yi ta roƙo su tsaya su ci, Badi'a ta ce sai wani jiƙon. Suka tafi. Shi ya ƙarasa sauran dammunan shi kaɗai, ya ɗauke shi kwana biyar, bayansa ya yi mako yana ciwo.

Da ƙaramar salla Lukuman ya zo da 'ya'yansa maza suka yi masa barka. Aishatu ba ta zo ba, ta aiko da gaisuwa. Sai da ta haihu, bayan wata bakwai, mijinta ya zo da kansa ya ce ana so Baba Hambali ya je ya yi wa jaririn huɗuba. Ya je tun kafin rana ta fito sosai, ya zauna a ƙarshen tabarma har aka kira shi.